Makina na bilitz ya tsaya cak: koci zan nema ko wasa zan ƙara?

Tambaya: "Ina buga darar ces a shafin intanet na Lichess da wayata, yawanci mai minti uku. Kusan shekara guda ke nan makina yana kai-komo tsakanin 1500 da 1600, alhali kullum sai na buga wasanni da yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau tari ni ke kan gaba, sai lokaci ya ƙare mini. Ina son in fara shiga gasar bilitz, wato wasan ces na sauri, ta ido da ido. In nemi koci ne, ko akwai atisayen da zan yi da kaina?"

Ƙanena, ka rage wasa, ka ƙara atisaye. Koci kuwa ka neme shi, amma sai bayan ka gama wani aikin gida da zan ba ka, don kada ka biya kuɗi a gaya maka abin da kai ma da idonka za ka gani. Bari in fara da maganar lokaci, tunda nan ciwon yake, kuma nan ne yawancin 'yan wasa suke yi wa kansu gurguwar fassara.

Duk wanda agogo ya cinye shi yana kan gaba, abin da zai ce maka shi ne hannunsa ba shi da sauri. Na daɗe ina duba wasannin masu maki irin naka, kuma da wuya in tarar laifin na hannu ne. In ka buɗe wasan da aka gama a Lichess, akwai jadawalin da ke nuna daƙiƙun da kowane taku ya ci. Je ka duba naka. Za ka ga taku talatin an yi su cikin daƙiƙa biyu-biyu, uku-uku, sannan a wuri biyu ko uku kacal jadawalin ya yi tsiri, mutum ya zauna ya kashe daƙiƙa 40 ko 50 a kan taku ɗaya.

Yi lissafin da kanka. Tsarin da hukumar ces ta duniya, FIDE, take bi a gasar bilitz ta duniya shi ne 3+2, wato minti uku da ƙarin daƙiƙa biyu a kowane taku. In wasa ya kai taku 40, kana da daƙiƙa 180 da ƙarin 80, jimla 260, shida da rabi ke nan ga kowane taku. In 3+0 kake bugawa, wato babu ƙarin daƙiƙu, huɗu da rabi ne rabonka. Wanda ya kashe daƙiƙa 50 a wuri ɗaya ya cinye rabon taku 11 a zama guda. Ya maimaita sau biyu, fiye da rabin agogonsa ya tafi. Daga nan sai jiki ya fara ɓari, a ba da doki kyauta, a dawo ana zargin hannu.

To me ya tsayar da shi a wannan takun? Ya gamu ne da yanayin da bai saba gani ba, dole ya ƙirga shi tun daga tushe: in na je nan zai je can, in na ci zai rama. Gwani a daidai wurin nan ganewa yake yi, ba ya tsayawa ƙirge. Wannan abu an gwada shi tun da daɗewa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, wanda shi ma ɗan wasa ne mai ƙarfi, ya yi bincike a kai a shekarun 1940, sannan William Chase da Herbert Simon suka faɗaɗa shi a Amurka a 1973. A nuna wa mutum allo na 'yan daƙiƙu, a rufe, a ce ya mayar da 'ya'yan inda suke. In daga wasan gaske aka ɗauko yanayin, gwani yakan mayar da kusan duka, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai, ba bisa tsarin wasa ba, sai tazarar da ke tsakaninsu ta kusa ɓacewa. Ashe abin da gwani ya fi ka da shi siffofi ne da ya gani sau ba adadi har suka zauna masa. Kamar ɗan canji ne a Wapa: yana cikin hira yana ƙirga damin kuɗi, yatsansa na taɓa jabu zai tsaya, kafin ma ya san dalili. Shekarun da ya yi yana taɓa na gaske ne suke masa aiki.

Shi ya sa in ka dubi waɗanda suka yi zarra a bilitz za ka tarar su ne dai manyan dogon wasa. A gasar minti biyar da aka yi a Herceg Novi ta tsohuwar Yugoslabiya a 1970, Bobby Fischer ya tashi da maki 19 cikin 22, na biyunsa Mikhail Tal yana da 14 da rabi, ga su Petrosian da Korchnoi da Smyslov a baya. Shi Tal ɗin ya ci gasar bilitz ta duniya a Saint John ta Kanada a 1988 yana da shekara 51, ga rashin lafiya, a gasar da Kasparov da Karpov duk suna ciki. Da a ce saurin yatsa ne, da samari sun tashe shi tun a zagayen farko. Magnus Carlsen ya fara ɗaukar kambun a 2009, ya sake a 2014, ya jera uku daga 2017 zuwa 2019, bai kuma tsaya nan ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Alexander Grischuk. Kowa ya san shi da zama ya cinye lokacinsa a dogon wasa har ya shiga ƙaƙa-ni-ka-yi, amma sau uku yana zama zakaran bilitz na duniya, a 2006 da 2012 da 2015. Tunanin da yake ɓata sa'o'i a kai can, shi yake cirowa a nan cikin daƙiƙa ɗaya.

Abin nufi, bilitz fitar da abin da ka tara yake yi, ajiyar kuwa a wani wurin ake yin ta. Shekarar nan da ka yi kana jera wasa a kan wasa, abin da ka riga ka sani kake ta juyawa, da mai kyan da marar kyan, har kurakuran ma sun zame maka jiki.

Ga aikin gidan. Ɗauko wasanni 30 na baya-bayan nan da aka ci ka, ka sami littafi da biro. Kada ka kunna Stockfish, injin kwamfutar nan mai nazarin wasa, tukuna. A kowane wasa ka nemo takun da kake ganin daga nan abu ya lalace, ka rubuta lambarsa, da daƙiƙun da suka rage maka a lokacin, da waɗanda ka kashe a kansa, sannan jimla ɗaya a kan abin da ya faru. "Ban ga dokinsa zai kama sarki da ruk a tare ba." "Na fita daga buɗi ban san inda zan kai bishof ba." "Na fi shi soja biyu, na kasa ƙarasawa." Sai bayan ka rubuta naka za ka kunna injin ka ga ko kun dace. In bai yarda da kai ba, wannan ma ka rubuta, don ya nuna akwai abin da ko a natse ba ka ganinsa. Kana gamawa ka ƙirga. Kusan kowane ɗan wasa da na sa ya yi wannan aiki yakan tarar abu ɗaya ko biyu ne suke cin mafi yawan wasanninsa, ba abu goma ba kamar yadda yake zato. Wannan ɗayan za ka tasa a gaba wata guda ko biyu, sauran su jira.

A matakinka, abin da ya fi fitowa shi ne ƙananan dabaru na taku biyu zuwa uku, kuma yadda ake atisayensu don bilitz ya bambanta da yadda mutane suka saba. Akasari mutum yakan buɗe kacici-kacicin Lichess, ya zauna minti biyar a kan mai wuya, ya ji daɗi makin kacici-kacicinsa ya haura 2000. Wannan yana da amfaninsa wajen koyon lissafi, amma ba zai cece ka ba a wasan minti uku. Abin da kake buƙata shi ne masu sauƙi, masu yawa, jigo ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a maimaita. Lichess ta kasa su jigo-jigo. Zaɓi ɗaya, a ce harin baki biyu, ko kafe ɗa a gaban sarki, ko mat na sahun baya (mat shi ne a ritsa sarki ya rasa mafita, wasa ya ƙare). Yi mako guda a kansa. Mafi kyau ma ka tara wasu ɗaruruwa ka ajiye, ka warware su duka, ka koma farko ka sake, kowane zagaye cikin lokacin da bai kai na baya ba. Wasu za su ce ai haddace amsa kake yi. E, haddar ake nema. Wasu 'yan wasan Suwidin biyu, Hans Tikkanen da Axel Smith, su suka yayata wannan salo na maimaici, kuma dukansu sun kai matsayin giranmasta, muƙami mafi girma na 'yan wasan ces.

Bari in nuna maka bambancin sani da zama a ido. Jera wannan a allo (harafi da lamba sunan gida ne a allon): sarkin baƙi a h8, sojojinsa a g7 da h7, ruk ɗinsa a a8, babu soja a f7. Fari yana da sarauniya a c4 da doki a g5. Doki ya shiga f7 da cek, wato ya kai wa sarki hari, sarki ya fito g8. Doki ya koma h6, cek biyu ke nan, na doki da na sarauniya, don haka ba a tarewa, ba a ci, dole sarki ya motsa. In ya je f8, sarauniya ta sauka f7, mat. In ya koma h8, sai sarauniya ta faɗa g8, ta ba da kanta. Sarki ba zai ci ta ba don doki na gadinta, dole ruk ya ci, ya toshe wa sarkinsa gidan da ya rage. Doki ya dawo f7, mat. Wanda bai taɓa gani ba, ko ya gano shi sai ya kashe rabin minti, kuma yawanci tsoron ba da sarauniya zai hana shi. Wanda ya warware irinsa sau hamsin, yana ganin sarki a kusurwa da layin a2 zuwa g8 a buɗe, hannunsa ya riga ya kai kan doki. Daƙiƙa huɗu ya gama. Waɗannan daƙiƙu 26 da ya tsira da su, su ne kake nema a ƙarshen wasa kake rasawa.

Wani gyara kuma. Kacici-kacici yana sabar maka da neman abin da za ka yi wa mutum, ba ya sabar maka da ganin abin da za a yi maka. In littafinka ya nuna kyauta kake yawan bayarwa, to ka riƙa juya allon, ka kalli kacici-kacicin daga ɓangaren wanda za a cuta, ka tambayi kanka da wane taku zai kare kansa. A cikin wasa kuma, duk takun da abokin karawa ya yi, tambaya ɗaya kafin komai: me yake nema? Daƙiƙa ɗaya take ci. Puzzle Storm na Lichess kuwa, wato tseren warware kacici-kacici da agogo, da takwaransa Puzzle Rush na shafin Chess.com, ka ɗauke su ma'auni. Sau biyu a mako ya isa ka ga ko idon yana ƙara kaifi. In ka mayar da su abincin kullum za su koya maka cinke.

Yanzu ga wurin da nake zargin ciwonka yake, tunda ka ce kana kan gaba ake cin ka: ƙarasawa. Yawancin masu maki 1500 sun san yadda ake mat da sarauniya, da ruk, sun ji labarin dokar murabba'i da fuskantar sarki da sarki, wato dabarun ƙarshen wasan sarki da soja. Amma sanin da za ka zauna ka tuno bai isa ba in daƙiƙa 12 suka rage. Sarki da sarauniya a kan sarki tilo, in an buga daidai, ba ya wuce taku 10 daga kowane yanayi. Sarki da ruk ba ya wuce 16. Jera su a allon Lichess, ka buga da Stockfish, ka sa agogon waya a gefe. Sarauniya ta riƙa bin sarkinsa da tazarar takun doki, tana matse shi har kusurwa. Da ya rage masa gida biyu ka tsayar da ita, ka kawo sarkinka. Wanda bai tsaya a nan ba shi ne yake toshe sarki ba cek, wasan da ya ci ya tashi canjaras. Yi ta yi har ka iya gamawa cikin daƙiƙa 15 ba tare da tunani ba. Sannan ruk. Sannan sarki da soja a kan sarki, ta ɓangarorin biyu.

Bayan su sai wasan ruk, don shi ne ƙarshen da ya fi yawan zuwa. Yanayi biyu ka fara da su. Na Philidor, wanda aka sani tun ƙarni na 18, na mai kare kai ne: sarkinka yana gaban sojansa, ruk ɗinka ya tsaya a sahu na uku daga ɓangarenka ya hana sarkinsa shigowa. Da ya turo sojan zuwa wannan sahun, sai ruk ya tafi can ƙarshen allo ya riƙa cek ta baya, sarkinsa ba shi da mafaka. Na Lucena kuwa na mai neman ci ne, inda ake kai ruk sahu na huɗu don ya zama garkuwar sarki daga cek. Waɗannan biyun kaɗai, in sun zauna, za su mayar maka da wasanni da yawa.

Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata ka canza in ka fi ƙarfi. Daina neman taku mafi kyau, nemi mafi sauƙi. Ka fi shi doki, to yi musayar sarauniya, yi musayar ruk, ka bar sojoji. Ba wa sarkinka taga, wato ka tura soja ɗaya na gabansa ya sami mafita, kafin ka tafi hari. In lokacinka ya yi ƙasa, ka dubi abin da ya rage masa: wanda sarki tilo ya rage wa ba ya ci da agogo, canjaras ne ko lokacinka ya ƙare. Don haka wani lokacin cinye sojansa na ƙarshe ya fi neman mat. Amma a dokar FIDE, muddin akwai hanyar da zai iya yi maka mat, ko da sai ka taimaka masa da wauta, in lokacinka ya ƙare ya ci. Wannan ya faɗa wa Alireza Firouzja a gasar duniya ta Mosko a 2019, yana da shekara 16. Shi ke da bishof da sojoji, Carlsen bishof kaɗai ya rage masa, agogon yaron ya ƙare, aka ba Carlsen wasan. Firouzja ya ɗaukaka ƙara, ba ta karɓu ba.

Buɗin wasa ba zan daɗe a kai ba, don mutane sun fi ba shi lokaci fiye da haƙƙinsa. Ɗaya da fari, ɗaya na amsa e4, ɗaya na amsa d4, ka riƙe su aƙalla wata shida. Ko tsarin Landan ne, ko Italiya, ko Karo-Kan, duk suna aiki a matakinka. Amfaninsu a bilitz shi ne ka kai taku na 10 da kusan duk lokacinka, a yanayin da ka san inda kowane ɗa yake zuwa da abin da ake nema a tsakiyar wasa. Bayan kowane zama ka dubi taku na farko da ka tsaya tunani a buɗi, ka nemo amsarsa, ka ƙara a littafi. Taku ɗaya a rana ya isa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarkuna kuwa ka san su don kariya. Misali, in kana buɗewa da d4 dole wata rana wani ya amsa maka da e5. Ka ci, ya fito da doki c6, kai f3, ya kawo sarauniya e7, ka kai bishof f4, ya yi cek a b4, ka tare da bishof a d2, ya ci b2. A nan in ka sa bishof a c3 ka shiga uku: nasa bishof ya zo b4, kuma in ka bi da sarauniya d2, taku biyu ne ya rage a yi maka mat a c1. Doki ake sawa a c3, kuma fari ne ke da rinjaye. Sau ɗaya za ka koya, har abada. Amma kada kai ka gina wasanka a kan irin wannan. Zai kai ka wani mataki da sauri, sannan ka haɗu da waɗanda suka san amsa, ka tarar ba ka koyi komai ba a hanya.

A kan agogon kansa, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Kana da izinin dogon tunani sau biyu, in ya yi yawa uku, a wasa ɗaya, kuma kowanne kada ya wuce daƙiƙa 20. Ka ajiye su don wurin da ake cin juna, ko za ka ba da wani abu, ko za a shiga ƙarshen wasa da ba a dawowa. In taku biyu suka yi maka daidai a wuri mai sanyi, ɗauki ɗaya ka wuce, don bambancinsu bai kai daƙiƙun da za ka kashe ba. Lokacin abokin karawa naka ne, kyauta, yi tunani a cikinsa. Kuma ka riƙa satar kallon agogo bayan kowane taku biyar ko makamancin haka, don da yawa ba sa dubawa sai ya yi ja. Ka koma 3+2 ka bar 3+0. Dalili biyu: shi za ka fi tararwa a gasa, sannan ga wanda yake buga wasa da datar waya, sabis na ɗaukewa yana dawowa, ƙarin daƙiƙa biyun nan shi ne bambancin a ci ka da wasa da a ci ka da netwok. Ajiye taku tun kafin abokin karawa ya taka yana da amfani in ramuwar ci ce ta dole, amma a allon katako babu shi, don haka kada ka dogara da shi.

Ka kuma sa wasa mai tsawo a makonka, ko biyu ne, na 15+10 ko fiye, ka zauna ka bi su daga baya. A nan ake ajiyar da na faɗa. Bilitz ɗin kansa ka yi masa iyaka, wasa biyar ko shida a zama, ka ɗan leƙa kowanne kafin ka danna sabo. An ci ka biyu a jere, tashi. Wasan da ake yi da zuciya, don a maido makin da ya zube, shi ne mai kwashe maki 100 a dare ɗaya, kuma kowa ya san haka, kowa kuma yana yi.

To koci fa? Yana da amfani sosai, amma ka san abin da kake saye. Stockfish zai gaya maka wane taku ne kuskure. Ba zai gaya maka dalilin da ya sa kai, musamman kai, kake yawan yin irinsa ba. Koci nagari zai dubi wasanninka 20 ya ce, "Duk sanda aka kai maka hari a gefen sarki sai ka ja da baya, ko harin na bogi ne," ko "Kana gudun musayar sarauniya don ba ka yarda da kanka a ƙarshen wasa ba." Irin wannan mutum ba ya gani a jikinsa. Makarantar Mikhail Botvinnik a Tarayyar Sobiyet, wadda Karpov da Kasparov da Kramnik suka ratsa, ginshiƙinta ke nan: ɗalibi ya kawo wasanninsa da sharhin da ya yi da kansa, malami ya tone su, ya ba shi aikin da zai tafi da shi gida na watanni.

Wajen zaɓe, kada muƙami ya ruɗe ka. Giranmasta sai ya taɓa kai maki 2500 na FIDE, masta na ƙasa da ƙasa 2400, masta na FIDE 2300. Kai ba ka buƙatar ko ɗaya daga ciki yanzu. Ɗan wasa mai 1900 ko 2000 na FIDE da ya saba koyar da masu tasowa zai fi yi maka amfani, ya kuma fi sauƙin kuɗi, don bai manta yadda ake rasa ganin harin doki ba. FIDE tana da takardun shaida na masu horarwa daban da na 'yan wasa, kana iya tambayarsa ko yana da su, sai dai ba su ne hujja ta ƙarshe ba. Hujjar tana darasin farko. Shin ya nemi wasanninka tun kafin ku haɗu? Yana tambayarka me kake tunani a wannan takun, ko shi kaɗai yake zuba? Ya ba ka aikin gida takamaimai, ya kuma duba shi a zama na gaba? In ka ga ya kunna injin yana karanta maka, ko ya buɗe darasin da yake ba kowa, ko ya fara da sayar maka da sabon buɗi, ko ya yi maka alkawarin maki kaza a wata kaza, ka gode masa ka kama gabanka. Ka nemi wanda kuke jin yaren juna sosai, don bayanin tunani ba ya son kame-kame. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya da ya keɓanta da bilitz: ya zauna ya kalle ka kana buga wasa biyu ko uku bai ce uffan ba, sai an gama ku tattauna. A nan zai ga inda kake daskarewa. Ba a yarda ya sa baki ana cikin wasan maki ba, wannan maguɗi ne, ana rufe wa mutum asusu a kansa.

Zama ɗaya a mako biyu ya wadatar in kana yin aikin tsakani. In aljihu bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu masu maki kusa da juna ku ɗauki koci tare, ko ka biya zama biyu kacal, na gano ciwo da na bibiya bayan wata biyu. Ka je masa da littafin nan naka. In babu hali sam, nemi wanda ya fi ka da maki 300 ku riƙa buga wasa kuna bin sa tare. Kuma ka sa a ranka cewa makonnin farko maki na iya sauka, don kana ƙoƙarin yin sabon abu da tsohon lokaci. Kada ka auna kanka da mako, auna da wata uku.

Saura maganar gasar ido da ido, kuma ka ɗauke ta da muhimmanci, don wanda ya tashi a waya yakan sha mamaki a ranar farko. Idon da ya saba da allo shimfiɗaɗɗe yakan ɓata a kan 'ya'ya masu tsayi, bishof ya ɓuya a bayan sarauniya. Sami allo na gaske, ka riƙa jera wasu kacici-kacicin a kai. Agogo kuwa akwai manhajarsa kyauta a waya, ku sa a gefe kai da aboki. Makinka na Lichess ma ka bar shi a gida, don yakan ɗara na FIDE nesa.

Dokokin da kwamfuta take riƙe maka, yanzu kai za ka riƙe su. Ɗan da ka taɓa shi za ka taka. Hannun da ya taka shi zai danna agogo. In za ka ɓoye sarki, wato takun da sarki da ruk suke motsawa tare, sarkin za ka fara ɗauka, da hannu ɗaya. In soja ya kai ƙarshe, sa sarauniya a gidan kafin ka danna, kuma ruk da aka kifa ruk ne a wurin alƙali, ba sarauniya ba. In babu sarauniya kusa, tsayar da agogo ka kira shi. Abin da ka ture, a lokacinka za ka gyara. Ba a rubuta taku a bilitz. Babu mai gaya maka kana cikin cek, kuma ba a cin sarki: in abokin karawa ya bar sarkinsa a cek ya danna agogo, tsayar da agogo ka kira alƙali kafin ka taka. A dokar da ake bi tun farkon 2018, haramtaccen taku na farko minti ɗaya ake ƙara wa ɗaya ɓangaren, na biyu kuwa faɗuwa ce. Kafin nan guda ɗaya ya isa, kuma har Carlsen abin ya taɓa rutsawa da shi a Riyad a ƙarshen 2017. Ya yi wa Ernesto Inarkiev cek, shi kuma maimakon ya kare sai ya mayar da nasa cek ɗin. Carlsen ya kawar da sarkinsa, Inarkiev ya tsayar da agogo ya ce Carlsen ne ya karya doka, alƙalin teburin ya ba Inarkiev wasan. Sai da babban alƙali ya soke hukuncin ya ce a ci gaba, Inarkiev ya ƙi, aka ba Carlsen. Kafin zagayen farko ka tambayi alƙali tsarin lokaci da hukuncin haramtaccen taku a wannan gasar, ka kashe wayarka ka miƙa ta inda aka ce a ajiye, don ƙararta kaɗai tana iya jawo maka asarar wasa.